Karan Hancin Yaya

Yayana ya girme ni da shekara shida. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma wanda ya gan mu tare ba zai ce gida ɗaya muka fito ba. Shi bai taɓa yin wata guda a wajen garinmu Dingaya ba, in ban da shekarar da ya sauke farali. Ni kuwa tun ina saurayi na bar gida. Na koyi aikin haɗa bututu a Kaduna, aikin ya ja ni Fatakwal, daga nan Duwala, daga nan bakin teku a Sudan, na ƙare a wata matatar mai a ƙasar Saudiyya. Na dawo da Larabci da Faransanci da Turanci, da Fulatancin kakanninmu da ya ɓace a gidanmu, na sake tsinto shi a Kamaru. Na kuma dawo ba gemu.

A matatar doka ce. Duk wanda zai shiga inda iskar guba take sai ya sa takunkumi, takunkumi kuwa ba ya kama fuskar mai gemu, iska tana bi ta tsakanin gashi ta shige. Na ga Misirawa da 'yan Pakistan masu gemu har ƙirji sun zauna an aske su, wani har da hawaye. Limamin sansaninmu ya ce larura ce, babu laifi a kan kowa. Aka aske ni, na saba, ko bayan na bar aikin ban sake tsayar da shi ba. Ranar da na dawo gida gaba ɗaya, Yaya ya daɗe yana kallona a zaure, sannan ya ce, "Mutane suna zuwa ƙasa mai tsarki su dawo da gemu, kai ka je ka baro naka a can. Dubi haɓa kamar gindin ƙwarya." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna a gari, ta kuma zauna a raina.

Nasa gemun tun rasuwar mahaifinmu ya tsayar da shi, sama da shekara arba'in aska ba ta taɓa shi ba. Ya yi fari fat, ya sauko har kan maɓallin riga na biyu. Ranar Juma'a yakan taje shi, ya shafa masa turare.

Da kakar bara waccan tsohon tarinsa ya tashi. Kwana uku ya tsaya a kan masu casar shinkafa yana shaƙar ƙaiƙayi, an hana shi bai hanu ba. Daga nan numfashi ya fara gagararsa, ba ya iya kwanciya sai dai ya zauna ya jingina da bango. Ni da babban ɗansa, wanda shi ma magidanci ne mai 'ya'ya shida, muka kai shi asibitin Gwaram. Bayan kwana biyu suka ce abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu, mu wuce Birnin Kudu. A can ba a ajiye shi a babban ɗakin maza ba, kai tsaye aka shiga da shi ɗakin masu tsananin ciwo, inda kowane gado ke da na'urori a kansa, ba a shiga da takalmi, kuma mutum ɗaya ake bari ya shiga dubiya, da hantsi da kuma bayan la'asar.

Likita ya yi mana bayani a tsaye a bakin ƙofa. Ya ce huhun Yaya ya gaji, an sa masa takunkumi da ya rufe hanci da baki, inji yana tura masa iska da ƙarfi ta cikinsa. In ya iya riƙe takunkumin na 'yan kwanaki har magani ya kama, akwai fata. In bai iya ba, abin da ya rage shi ne a zura masa roba a maƙogwaro, kuma da shekarunsa da irin zuciyarsa, ba ya ganin zai farfaɗo daga wannan. Na tambaye shi da Turanci ko akwai abin da yake ɓoye wa ɗan. Ya amsa min da Hausa cewa babu. Takunkumin nan shi ne maganar gaba ɗaya.

Nas ɗin da ta fi tsayawa a kan Yaya da rana mace ce, ba za ta wuce shekara arba'in ba, kowa Sista yake ce mata. Babarbariya ce. Tun ranar farko da ta ga hancinmu ta gane asalinmu, ta ce, "Ashe bayina aka kawo min. Bafulatani, ina ka bar shanun da ka zo nan ka kwanta?" Yaya ya ɗaga yatsa ɗaya ya kaɗa mata, alamar za su haɗu in ya tashi. Ta ce, "Tashi ɗin nake jira, in ga abin da za ka iya."

Na yi jinyar abokan aiki a ƙasashe uku. A Duwala dangi ne ke yin komai, har juya mara lafiya. A Saudiyya na ga an zana agogo a bango, duk awa biyu a zo a juya mutum. Amma ban taɓa tsayawa na kalli abin da ake yi da kayan da ke jikin mara lafiya ba sai a wurin matar nan. Takan zo ta fara da hannu: ɗan maƙalallen abin da ke auna iska a yatsa, ta cire shi ta mayar a wani yatsan. Ta kwance abin awon jini daga damtse ta duba ƙarƙashinsa. Ta zura hannu a bayansa ta jawo duk wata waya da ta shige ƙarƙashin jikinsa. Robar fitsari in da safe tana kan cinyar dama, da yamma ta koma hagu. Ta ɗaga dugadugansa a kan matashi don kada su taɓa katifa. Sai ta zo kan fuska. Ta sa masa siririyar robar iska a hanci, ta ɗage takunkumin na 'yan mintoci, ta wanke fatar da ruwa, ta tsane ta a hankali ba tare da gogawa ba. Sannan ta bi karan hanci da kumatu da bayan kunne da ƙeya da bayan yatsanta, tana taɓawa tana saurare kamar mai zaɓen kankana.

Na ce mata a Saudiyya na ji ana cewa inda fata ta yi ja ake dubawa.

Ta ce, "Baba, ai ba da fatarmu aka rubuta wannan ba. Mu ba ma yin ja. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ka ji ya yi tauri, ko ya fi gefensa zafi ko sanyi. In ka jira ganin ja a fuskar Bafulatanin nan, sai ka ga ƙashi."

Bayan ta duba, takan manna wani lallausan soso a karan hancin, ta mayar da takunkumi, ta ɗaure maɗauransa guda huɗu, biyu a goshi biyu a kumatu, irin masu mannewa ɗin nan. Sai ta zura yatsu biyu a ƙarƙashin kowanne. In yatsun ba su shiga ba, ta sassauta. Da ta gama ta ciro biro ta ja ɗan layi a kan kowane maɗauri daidai inda ya tsaya, don wanda zai karɓe ta ya san iyakarsa. Ta ce a karan hanci babu nama, fata ce a kan ƙashi, kuma fatar mara lafiya irin Yaya 'yan awoyi kaɗan na matsi sun isa su kashe ta. In wurin ya fashe, takunkumi ba shi da inda zai zauna.

Abin ya tuna min da Yaya da shanun huɗarsa. Da hantsi yakan tsayar da garma a tsakiyar kunya, ya ɗage karkiya, ya bi wuyan kowane sa da tafin hannu kafin ya ci gaba. Da na gaya mata sai ta ce, "To ai shi ya fi ka sanin aikina. Kai yawo kawai ka iya."

Matsalar da aka samu ita ce gemun. Ta ƙasan haɓa da gefen kumatu iska tana tsirtuwa, kana jin sautinta tun daga bakin ƙofa. In ta yi yawa inji ya ɗauki ƙara, jar fitila tana ƙyaftawa, numfashin Yaya ya rikice. A rana ta biyu Sista ta kira ni da ɗan tare, abin da ba a saba yi ba. Ta ce ba duka za a aske ba, iya inda bakin takunkumin ke zama. Ta sunkuya ta gaya wa Yaya da kanta. Ya ɗago hannun da ke da allura a jiki, ya dafe gemun, ya girgiza kai. Ɗan ya ce tunda mai abu ya ƙi, shi ba zai sa hannu ba. Ta juyo gare ni. Ni da bakina na ba ta labarin matatar kwana ɗaya kafin nan, ina nuna mata na san duniya.

Ta ce, "Baba, kai fa ka sani."

Na ce a ɗan jira mu gani.

Ta ce ba za ta aske mutum yana cewa a'a ba, amma mu yi tunani da wuri. Ta samo wani abu kamar man shafawa mai kauri ta shafe gashin ya kwanta, ta gyara zaman takunkumin. Tsirtuwar ta ragu, ba ta tsaya ba.

A waje, ƙarƙashin bishiyoyin maina inda masu jinya ke shimfiɗa tabarmi, dangi sun riga sun ji. Matar Yaya, da muke kira Hajiya, ta ce in Allah ya nufa zai ɗauke shi, ya tafi da fuskar da ya yi sallah da ita. Wani ɗan baffanmu da ya zo daga Farin Dutse ya dube ni yana murmushi, ya ce, "Kar dai ka ce za ka mai da shi irinka, mu rasa wanda za mu nuna a gidan." Wasa yake yi, aka yi dariya kaɗan. Da a ce na buɗe baki na faɗi abin da limamin sansaninmu ya faɗa, ko na ɗauki babur na ɗauko wani malami a cikin gari ya shiga ya yi wa Yaya bayani, da ya ji. Yaya mutum ne mai jin maganar malamai. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gano ba. Abin da ban so ba shi ne a ce a Dingaya, wanda ya baro gemunsa a ƙasar waje shi ne ya sa aka aske wa yayansa.

Bayan la'asar na shiga. Sista ta gama zagayenta ke nan, aka kira ta wani gado inda ake ta kai-kawo a bayan labule. Na zauna kusa da Yaya. Iska tana tsirtuwa, inji yana ƙara yana tsayawa. Shekara talatin na yi ina bin irin wannan sautin a jikin bututu, kuma a aikina maganinsa ɗaya ne. Na miƙe, na ɓanɓare maɗaurin goshi na dama, na ja, na manna. Na yi wa na hagu haka, na yi wa na kumatu. Tsirtuwar ta ɗauke ɗif. Jar fitilar ta mutu. Na ga layin biro ya shige ciki da kamar faɗin ɗan yatsa, na ce a raina mace ce, hannunta ba ƙarfi, tausayi ya yi mata yawa. Yaya ya zuba min ido ta saman takunkumin, bai ƙyafta ba. Na ɗauka godiya yake yi.

Da na fito na ja ɗan gefe na koya masa. Na ce in ya shiga ya ji iska tana fita, ga yadda zai yi, kuma ba sai ya dami ma'aikata ba, aiki ya yi musu yawa. Na ce ta haka za a bar maganar aski. Ya yi min godiya. Washegari shi ya shiga da hantsi ya ja, ni na shiga da yamma na ja. Kowane lokaci sai mu tarar an mayar da maɗauran kan layinsu, mu jira a juya baya mu sake matsewa.

A rana ta huɗu, kafin lokacin dubiya, aka aiko a kira ni. Na tarar da Sista tsaye a kan gadon. Ba ta ce min bawanta ba, ba ta ce Bafulatani ba. Ta ce, "Alhaji, wanke hannunka ka zo."

Ta ce sau uku ana tarar da maɗauran sun wuce layi. Da farko sun zaci Yaya ne ke ja da kansa, har ta yi masa faɗa. Jiya da hantsi wata abokiyar aikinta ta hango hannun ɗan, yau da safe aka tambaye shi, ya ce ƙanin babansa ne ya koya masa. Ta sa wa Yaya siririyar robar, ta ɗage takunkumin, ta ɗaye soson a hankali. A ido ba wani abin tashin hankali ba ne. Wuri ne kamar faɗin ƙwayar gyaɗa a karan hancin, ya fi sauran fatar duhu, yana ɗan sheƙi.

Ta ce, "Taɓa. Da bayan yatsa."

Na taɓa. Wurin ya yi tauri, kuma da sanyi, kamar ba a jikin mai rai yake ba.

Na ce ai bai fashe ba.

Ta ce, "Zai fashe. Irin wannan daga ƙashi yake fara mutuwa ya fito waje. Abin da kake gani yau, tun shekaranjiya aka yi shi." Sannan ta ce, "Alhaji, wannan ba bututu ba ne. Injin nan an yi shi ne ya jure 'yar tsirtuwa. Fatar ce ba ta jurewa. Da ka tambaye ni."



Na sunkuya a kunnen Yaya na gaya masa komai. Na ce ni ne na matse, na ce gemun ne ke hana takunkumin kamawa, na ce na sani tun ranar farko. Na faɗa masa abin da limamin ya ce game da larura. Ya daɗe yana ja da numfashi, kafaɗunsa suna hawa da sauka. Sannan ya sauke hannunsa daga kan gemun ya ajiye a gefe. Sista ta ɗauko injin aski. Ya dube ta, ya dube ni, ya nuna ni da haɓa. Ita ta riƙe robar iskar, ni na yi askin. Gashin yana zuba a kan farar takarda da ta shimfiɗa masa a ƙirji. Ya rufe ido tun daga farko har na gama. Fatar da ta fito a ƙasa ta fi ta fuskarsa haske, mai laushi kamar ta jariri. Ban taɓa lura cewa haɓarmu iri ɗaya ba ce sai ranar.

Duk aikin bai kai minti biyar ba. Ta sa sabon soso mai kauri, ta mayar da takunkumin, ta ɗaure shi sako-sako, har ya fi layin farko sassauci. Babu tsirtuwa ko kaɗan. Injin ya yi shiru, yana aikinsa. Na naɗe takardar na fita da ita. Hajiya ta karɓa, ta buɗe ta duba, ta ƙulle a bakin mayafinta.

Kwana biyu abin ya yi kamar zai yi kyau. Sista ta ƙara yawan zuwa, tana ɗage takunkumin tana ba hancin hutu, tana sauya wurin zamansa da 'yar tazara sama ko ƙasa. Amma wurin ya ci gaba da duhu har ya zama baƙi ƙirin, gefensa ya kumbura. A rana ta shida fatar ta biyo soson. Na gani da idona. Rami ne, ana hango fari-fari a ƙasansa.

Daga nan Yaya ya fara faɗa da takunkumin. Mutumin da ƙaho ya taɓa tsaga masa cinya ya ɗaure da rawani ya ƙarasa huɗa, shi ne yake kai hannu yana fizge roba daga fuskarsa, hawaye na bin gefen idonsa. Suka kawo wani babba mai rufe fuska gaba ɗaya, wanda ke zama a goshi da haɓa, ba ya taɓa hanci. Ya riƙe shi yini ɗaya da rabi. Amma ya riga ya tsorata da duk abin da za a kifa masa, da an kawo shi kusa sai ya birkice, ƙarfin da ya kamata ya yi numfashi da shi ya ƙare a kokawa. In an cire aka bar shi da siririyar robar, leɓɓansa su yi toka. In an mayar, ya fizge. Zazzaɓi ya shigo. Sista ta daina tsokanarsa, sai dai ta riƙe masa hannu tana cewa, "Baba, minti goma kawai, sai in cire. Ga ni nan, ba inda za ni." Wani lokaci ya ba ta minti goman, wani lokaci bai kai ba.

Likita ya sake tara mu a bakin ƙofa ya yi maganar robar maƙogwaro. Ya faɗi gaskiyar abin da yake gani. Ɗan ya shiga ya tambayi mahaifinsa, Yaya ya girgiza kai. Wannan karon babu wanda ya juyo ya dube ni, ni ma ban sa baki ba.

Ya cika ranar Talata bayan azahar, kwanansa tara a ɗakin. Ɗan ne ke ciki. Ni ina waje a kan tabarma.

Likitan ya ce min huhun ne, ya ce tun zuwansa ya san abin da wuya. Na gode masa. Da aka ba mu izinin shiga, na tarar Sista tana cire masa kaya ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta cire sai ta goge wurin. Ta sa sabuwar auduga a hancin ta manne da filasta, a hankali, kamar zai ji zafi. Na tsaya har ta gama. Na ce, "Sista, ni ne?"

Ta ce, "Ajali na Allah ne, Alhaji. Ko da takunkumin ya zauna lafiya, ban san ko zai tashi ba, kuma babu wanda ya sani. Ba zan ce maka kai ne ba." Ta naɗe wayar da ke hannunta. "Amma hancin, kai ne."

Na fi gode mata a kan wannan fiye da yadda na gode wa likitan.

Muka iso Dingaya da shi kafin la'asar ta yi sanyi. Mu uku muka shiga wanka: ni, da ɗan, da limamin unguwarmu, wanda tare suka yi karatun allo da Yaya. Da aka yaye mayafin, liman ya ja da baya. Ya kalli haɓar, ya kalli filastar. Na jiƙa ta da ruwa na ɗaye ta. Ya yi salati, ya ce, "Haka suke yi wa mutane a can? Su aske dattijo, su huda masa fuska, sannan su miƙo mana?"

Na san in na yi shiru, kafin magariba maganar ta zaga gari a haka, kuma wani zai ƙi kai nasa tsohon asibiti saboda ita. Na ce, "Malam, ba su ba ne. Su sun yi ta hana wannan ciwon, safe da yamma. Ni na matse masa takunkumi a ɓoye don kada a taɓa gemun, har fatar ta mutu. Askin ma da hannuna na yi, bayan lokaci ya wuce."

Liman ya dubi ɗan. Ɗan yana riƙe da buta, idonsa a ƙasa. Na ce shi umarnina ya bi, ba shi da laifi. Bai ɗago ba. Liman ya ce, "Zuba ruwan." Muka ci gaba. Da aka zo alwala, ni na wanke fuskar. Ruwa ya taru a ramin, na tsane shi da auduga, na sa wata busasshiya na rufe.

A maƙabarta ni da ɗan muka shiga kabarin muka karɓe shi. Muka kwantar da shi a gefen dama, fuskarsa tana duban gabas. Ramin ya ɗan yi ƙunci ta wajen kai. Na lalubi fuskar ta saman likkafani, na ji hancin yana dab da bangon ƙasa. Mutane a sama suna miƙo itace, wani yana cewa mu yi sauri rana tana faɗuwa. Na tallafi kan da hannu biyu na ja shi baya kaɗan, na kankare bangon da farce har wurin ya buɗe, na sake lalubawa na tabbatar babu abin da ke taɓa shi. Sannan na miƙa hannu aka jawo ni waje.